A Koya Wa Matasa Auna Haske Da Hannunsu Kafin A Miƙa Musu Kyamara

A 'yan shekarun nan ɗaukar hoto ya shiga cikin sana'o'in da ake koya wa matasa a shirye-shiryen koyar da sana'ar hannu, tare da ɗinki da walda da gyaran waya. Wannan abin a yaba ne, domin a ƙauyukanmu na Jigawa da Kano yanzu da wuya a yi ɗaurin aure ko suna ko saukar karatu ko naɗin dagaci ba a nemi mai hoto ba, kuma kuɗin da ake biyansa yakan taimaka wajen riƙe gida. Abin da ke damuna shi ne irin koyarwar da ake yi. Na halarci bikin yaye wasu matasa a wata ƙaramar hukuma inda aka raba musu kyamarorin dijital, da na zauna da wasunsu bayan taro sai na tarar duka a wuri ɗaya aka ajiye musu maɓalli, wato inda inji ke zaɓar komai da kansa, kuma ba a taɓa yi musu bayanin lambobin da ke jikin gilashin ba. Ra'ayina shi ne duk matashin da za a koya wa hoto da kuɗin jama'a ya kamata ya fara da kyamarar da ba ta yanke hukunci a madadinsa. A cikin irin waɗannan kuwa ban ga abin da ya kai tsofaffin kyamarorin fim mai faɗi ba, waɗanda wasunsu har yanzu suna nan kwance a akwatunan tsofaffin masu hoto, kuma a cikinsu ma ina da wadda nake fifitawa bisa dalilan da suka shafi yanayin ƙasarmu da ɗabi'ar mutanenmu.

Fim mai faɗi shi ne wanda masu hoto ke kira 120, kamfanin Kodak ne ya fito da shi a 1901, kuma har yau ana ƙera shi. Faɗinsa kimanin santimita shida ne, yana zuwa a naɗe da takarda a bayansa wadda ke kare shi daga haske. Yawan hoton da naɗi ɗaya ke ɗauka ya danganta da kyamara: mai fitar da hoto murabba'i, shida da shida, tana ba da 12, mai shida da bakwai tana ba da 10, mai shida da tara tana ba da 8. Ƙaramin fim na milimita 35 da aka fi sani, kowane hoto nasa milimita 24 ne da 36, shi kuwa na shida da shida milimita 56 ne da 56, wato ya ninka ƙaramin fiye da sau uku da rabi. Wannan girman nagatif, wato fim ɗin da aka wanke wanda daga shi ake buga hoto, shi ne ya sa idan ka ɗauki tsohon hoton baƙi da fari na kakanka ka duba da kyau, za ka iya bin zaren aikin aska takwas a ƙirjin rigarsa ɗaya bayan ɗaya.

Abubuwa uku ne ke tsai da yadda hoto zai fito ta fuskar haske. Akwai ƙarfin fim ɗin kansa, wanda ake rubutawa a jikin kwali, kamar 100 ko 400. Akwai ƙofar haske da ke cikin gilashi, wadda ake buɗewa ko a tsuke da lambobi irin su 4, 5.6, 8, 11, 16 da 22, inda babbar lamba ke nufin ƙaramar ƙofa, kuma kowane mataki ɗaya yana rage haske da rabi ko ya ninka shi. Sai saurin ƙiftawar marufi, 1/60 na daƙiƙa, 1/125, 1/250, 1/500, shi ma kowane mataki rabin na gabansa ne. Duk ilimin a nan yake, kuma yaron da ya gama firamare zai iya riƙe shi a yini guda. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne horar da ido ya dubi wuri ya san wace lamba ta dace da shi, kuma wannan horon ne inji ke hana matashi samu idan an bar masa zaɓi.

Wani zai ce ai injin ya fi ido iya aunawa. Ya fi shi iya ƙirga yawan haske, wannan gaskiya ne, amma bai san abin da ke gabansa ba. Ma'aunin haske na cikin kyamara an gina shi ne bisa zaton cewa idan aka gauraya duk abin da ke cikin hoto zai zama ruwan toka matsakaici. To, a dubi abin da muka fi ɗauka: dattijo baƙar fata cikin farar babbar riga da farin rawani, a tsaye a farin yashi da rana tsaka. Ma'auni yana ganin fari ya cika wuri, sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya tsuke ƙofa, riga ta fito tokatoka, fuska kuma ta nutse cikin duhu har ba a rarrabe ido da gira. Wannan matsala tsohuwa ce a tarihin hoto. Shekaru da dama katin da ake amfani da shi a wuraren wankin hoto mai launi don daidaita injuna yana ɗauke ne da hoton Baturiya, ita ce ma'aunin fatar da ake ɗauka daidai. Wayoyin yanzu sun bi ta wata hanyar, da yawansu suna haskaka fuska su goge ta, har amarya ta fito da launin da mahaifiyarta ba ta san ta da shi ba. Ina ganin abin takaici ne a ce hotunan da jikokinmu za su gada ba su nuna kamanninmu na gaskiya ba, alhali maganin abin yana hannun mai ɗaukar hoton idan an koya masa.

Kawuna, Allah Ya jiƙansa, ya yi sana'ar hoto a wani shago kusa da tashar garinmu, kuma da Yashica-Mat 124G yake aiki. Kyamarar tana da ma'aunin haske a goshinta, amma ya daɗe da daina aiki, domin batirin da aka yi mata na sinadarin makuri ne, an daina ƙera irinsa. Hakan bai taɓa tsai da shi ba, saboda marufin nata da sifirin yake aiki kamar agogon da ake murɗawa da hannu, ba ruwansa da batir. Da fim mai ƙarfin 100 yakan ajiye sauri a 1/125, sannan ya dubi ƙasa. Ya taɓa ce mini: "Ɗana, fara duba inuwar mutum tukuna. In bakinta ya fita sarai, sha shida ke nan. In hazo ya tausasa ta, sha ɗaya. In babu ita sam, takwas." Na ce: "Kawu, in a gindin durumi ne fa?" Ya ce: "Biyar da ɗigo shida, in ganyen ya yi duhu ka sauko huɗu. Amma kowace ka samu, ka ƙara buɗe mataki ɗaya saboda fuska, rigar za ta jure." Daga baya na gane dalilin maganarsa ta ƙarshe: nagatif yana jure ƙarin haske sosai, amma idan haske ya gaza masa, abin da ya ɓace a cikin inuwa babu wankin da zai dawo da shi. Masu ma'aunin hannu kuma suna da wata dabarar mai sauƙi, su auna tafin hannunsu a cikin hasken da ke kan mutumin, sannan su buɗe mataki ɗaya.

Irin wannan kyamara ita ce mai ido biyu, ɗaya a sama na leƙe, ɗaya a ƙasa na ɗauka. Asalin salon ya shahara ne da Rolleiflex, wadda kamfanin Franke da Heidecke ya fito da ita a Jamus a 1929, daga baya Japan ta yi Yashica da Mamiya, Sin ta yi Seagull a Shanghai, Tarayyar Sobiyet ta yi Lubitel. Yashica-Mat 124G an yi ta ne daga 1970 zuwa 1986, nauyinta ya ɗan haura kilo ɗaya, gilashinta milimita 80 ne wanda ke buɗewa har 3.5, saurinta kuma daga daƙiƙa ɗaya zuwa 1/500. Abin da ya fi burge ni a tsarinta shi ne inda aka ajiye abubuwan sarrafawa. Akwai ƙananan ƙafafu biyu tsakanin idanun, ɗaya ta sauri, ɗaya ta ƙofar haske, kowacce a ƙarƙashin babban yatsa, lambobin kuma suna bayyana a wata 'yar taga da ke saman idon leƙe. Mai hoto yana kallon ƙasa, sai ya ga hoton a kan gilashi mai faɗi, ya ga lambobinsa a gaban gilashin, ba tare da ya ɗaga kai ko ya juya kyamara ba. Hannun hagu yana saita kaifin hoto, na dama yana juya mariƙin naɗi, wanda ke tura fim gaba ya kuma ɗana marufi a lokaci guda. Ga mai koyo babu tsarin da ya fi wannan bayyana, domin duk shawarar da ya yanke tana gaban idonsa.

Akwai kuma wani al'amari da littattafan koyon hoto na waje ba za su kula da shi ba, amma mu ya shafe mu ƙwarai. A tarbiyyarmu yaro ba ya ƙura wa babba ido, namiji ba ya ƙura wa matar wani ido, suruki ma ba ya haɗa ido da surukinsa. Kyamarar da ake ɗorawa a fuska tana tilasta wa mai hoto ya auna mutum kai tsaye, shi kuma wanda ake ɗauka sai ya takura, ya sandare, ko ya sunkuyar da kai. Mai ido biyu kuwa a ƙirji ko a ciki ake riƙe ta, mai hoton ne ke sunkuyawa, kamar wanda ya rusuna zai gai da babba. Na sha ganin tsofaffi sun saki jiki a gaban kawuna saboda wannan, suna hira da shi yana amsawa da "ranka ya daɗe" kansa a ƙasa, har ya danna ba su ji ba, domin ƙarar marufin ba ta fi ta karya tsinke ba. Ga wanda ke zaune a kan buzu ko tabarma kuma, kyamarar tana sauka daidai da fuskarsa, ba a ɗauke shi daga sama a ƙanƙantar da shi. Wannan ya sa nake ganin 'yan mata ma sun cancanci a koya musu da ita, tunda su ne za su shiga cikin gida wurin amarya da masu jego inda namiji ba ya shiga.

Tana da nata raunin, kuma ya kamata a faɗa wa mai koyo tun farko. Hoton da ke kan gilashin leƙe a juye yake, dama ta koma hagu, don haka idan doki ya sheƙa ya nufi gabas sai hannu ya so bin sa yamma. An yi wata 'yar taga a jikin murfin leƙen don irin wannan, amma ba ta kai a dogara da ita a ranar hawa ba. Sannan tunda idon leƙe yana sama da na ɗauka, idan aka matso kusa da mutum, wajen mita ɗaya, abin da ka gani ba daidai yake da abin da fim ya gani ba, sai a yanke wa mutum saman hula. Gilashinta kuma ɗaya ne tak, ba a canzawa, in ban da irin su Mamiya C330 da ake cire idanun biyu tare a sa wasu, ita kuwa ta fi nauyi nesa ba kusa ba.

Cikin sauran kyamarorin fim mai faɗi, Hasselblad ita ce sunan da kowa ke ambata da girmamawa, kuma ta cancanta. A birnin Gotenbag na ƙasar Suwidin ake yin ta, samfurin 500C ya fito a 1957, 500C/M kuma a 1970, kuma kyamarar wannan kamfani ce 'yan sama jannatin Amurka suka yi aiki da ita a duniyar wata a 1969. Ido ɗaya gare ta, madubi ne a ciki ke nuna maka ainihin abin da fim zai gani, ana canza gilashi, ana kuma cire gidan fim na baya a sa wani ko da naɗin bai ƙare ba. Ta fuskar koyar da haske tana da wata hikima da nake so ƙwarai: a tsofaffin gilasanta zoben sauri da zoben ƙofa a sarƙe suke, idan ka saita su sau ɗaya sai su riƙa juyawa tare, 1/125 da 16 ya koma 1/250 da 11, ya koma 1/500 da 8, yawan hasken bai canza ba. Yaro zai gane da yatsunsa cewa abin musaya ne, ka ba da zurfin kaifi, wato yadda na kusa da na nesa ke fitowa sarai tare, ka karɓi tsai da motsi. Amma tana da sharuɗɗan da ba su dace da hannun sabon shiga ba. Sai an zare wani farantin ƙarfe da ke tsare fim kafin ta ɗauka, bayan ɗauka gilashin leƙe yana yin duhu har sai an naɗa, kuma idan aka yi ƙoƙarin cire gilashi ko mayar da shi ba a ɗana shi da jikin kyamarar ba, tana iya cijewa ta ƙi motsi. A ƙauyen da mai gyara mafi kusa yake Kano ko Legas, wannan babban haɗari ne, ga kuma tsadar da ta sa ba ta cikin lissafin talaka.

Mamiya RB67, wadda ta fito a 1970, dokin aikin shago ce. Hotonta shida da bakwai ne, gidan fim ɗinta yana juyawa a tsaye ko a kwance ba tare da an karkata kyamarar ba, kuma ba ta buƙatar batir ko kaɗan. Ana saita kaifinta da wani zuga-zugi da ke miƙewa gaba, wanda ke ba ta damar matsowa kusa sosai, har a ɗauki zanen lalle a tafin hannu. Sai dai nauyinta da gilashi da gidan fim ya kai kilo biyu da rabi ko fiye, don haka wurinta kan sanda mai ƙafa uku ne, kuma bayan kowane hoto aiki biyu ne, a ɗana jiki da mariƙi ɗaya, a tura fim da wani. Wanda zai zauna a shago yana ɗaukar iyali da angwaye ba zai sami abin da ya fi ta ba. Wanda zai hau babur ya bi kasuwanni, Alhamis yana Maigatari, Juma'a yana Wudil, ba zai daɗe yana ɗaukar ta ba, kuma bushewar hunturu da zafin bazara suna tsattsage fatar zuga-zugin idan ba a kula ba.

Pentax 6x7 ta 1969 ita ce ta fi kama da kyamarorin da matasa suka saba gani, sai dai ƙatuwa ce, ana ɗora ta a ido, hoto yana fitowa daidai ba a juye ba, saurinta ya kai 1/1000. A ranar hawan sallah a Haɗeja ko Gumel ko Kazaure, lokacin da mahaya suka zo jafi a guje, ita zan zaɓa ba tare da jinkiri ba. Amma marufinta da batir yake aiki, in ya mutu ta mutu, madubinta yana bugawa da ƙarfi har ya girgiza hoto idan sauri ya yi ƙasa, kuma da gilasanta na yau da kullum ba ta haɗuwa da filasha sai a 1/30. Wannan na ƙarshe babban naƙasu ne a wurinmu. Da rana tsaka rawani da malafa suna jefa inuwa mai kauri a kan ido, maganinta kuwa ɗan filasha ne da zai cike inuwar, amma a 1/30 hasken rana zai yi wa hoton yawa. Yashica da Hasselblad da RB67 duka marufinsu a cikin gilashi yake, yana haɗuwa da filasha a kowane sauri, har 1/500 a biyun farko, 1/400 a ta ukun. Irin wannan marufin shi ma yana da iyaka da ya kamata a sani: idan aka sa fim mai ƙarfin 400 a ranar Afrilu, sauri zai tsaya a ƙarshensa, ƙofa kuma a 16 ko 22, babu sauran zaɓi. Shi ya sa fim mai ƙarfin 100 ko 125 ya fi dacewa da waje a ƙasarmu, a bar mai 400 don zaure da cikin ɗaki.

Idan aka haɗa duka wannan da ƙurar hunturu, hukuncina yana ƙara ƙarfi. Duk kyamarar da ake cire mata gilashi ko gidan fim tana buɗe cikinta ga ƙura a duk lokacin da aka canza wani abu, ita kuwa mai ido biyu a rufe take, sau ɗaya ake buɗe bayanta a kowane hoto 12. Ba ta da madubi mai motsi da zai lalace, ba ta da nauyi, ba ta jiran batir, kuma ita ce mafi araha a cikinsu. Don koyarwa a ƙauye, ita ce ta farko a wurina, RB67 ta biyo baya ga wanda zai buɗe shago.

Na san ƙorafin da za a yi, kuma mai nauyi ne. Fim yana da tsada, daga waje ake kawo shi, faɗuwar darajar naira tun 2023 ta ƙara masa kuɗi, wuraren wanki sun kusa ƙarewa, zafi kuma yana lalata fim idan babu wurin ajiya mai sanyi. Ba ina cewa matashi ya nemi abincinsa da fim ba ne, mai biki yana son hotonsa a waya kafin magariba, kuma haƙƙinsa ne. Za a kuma ce kyamarar dijital ma tana da wurin sarrafawa da hannu, me zai hana a koyar a kanta? Ana iya yi, kuma ya fi babu. Amma na lura da abin da ke faruwa: yaro yana dannawa, ya duba allo, ya ga duhu, ya murɗa wani abu, ya sake dannawa, har ya dace, bai san dalilin dacewar ba, gobe kuma zai sake laluben daga farko. Wanda ke da hoto 12 kacal, kuma ba zai ga sakamako ba sai an wanke, dole ne ya tsaya ya yi tunani kafin ya danna, ya rubuta lambobinsa a takarda, sannan ya zo ya kwatanta su da nagatif ɗaya bayan ɗaya. Naɗi uku ko huɗu na baƙi da fari ga kowane ɗalibi sun isa wannan darasi, kuma kuɗinsu bai kai kusa da kuɗin kyamarar da ake raba masa a ƙarshe ba. Wankin baƙi da fari ba ya buƙatar wutar lantarki, tanki ne ƙarami da jakar duhu da ruwan magani iri biyu ko uku da ma'aunin zafi, ga randa da za ta sanyaya ruwan, domin wajen digiri 20 ake so. Kamfanoni irin su Ilford a Ingila da Foma a ƙasar Cek da Kodak a Amurka suna nan suna ƙera fim ɗin. Bayan haka sai ya koma dijital ɗinsa da idon da ya san abin da yake nema, a kuma gaya masa cewa a can ƙa'idar ta juya, farin da ya ƙone ne ba ya dawowa, don haka rigar ma sai an kula da ita.

Akwai wani gefen maganar da ya fi gaggawa. Tsofaffin da suka san wannan aiki suna ƙarewa, kuma idan sun rasu magada ba su san darajar abin da ke cikin akwatin ba. Kyamara tana tafiya hannun 'yan gwangwan a kuɗin ƙarfe, nagatif kuma gara ta cinye, ko yara su yi wasa da shi, ko ruwa ya tafi da shi kamar yadda ambaliyar 2022 ta yi wa dukiyar mutane da yawa a yankin Haɗeja. A cikin waɗannan nagatif akwai fuskokin hakimai da malamai da 'yan kasuwa, akwai kitso da ɗinki da gine-ginen ƙasa da suka shuɗe. A Mali, Malick Sidibé mai shagon hoto ne a wata unguwa ta Bamako, yana ɗaukar samari da 'yan mata da iyalai, amma ya adana nagatif ɗinsa a cikin kwalaye bisa tsari, kuma a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Benis a Italiya. A nan Najeriya, hotunan Solomon Alonge, mai hoton fadar Oba na Benin, suna ajiye a cibiyar Smithsonian a Amurka. Ban ga dalilin da zai sa a ɗauka cewa masu hoton Ringim ko Birnin Kudu ko Ɗambatta ba su bar abin da ya kai a adana ba. UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, amma hotunan hawan na shekarun 1960 da 1970 da mutanenmu suka ɗauka da hannunsu, wa ke tattara su?

Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. Duk hukuma ko ƙungiyar da za ta shirya koyar da hoto ta nemo tsohon mai hoto na yankin, ta biya shi ya koyar da makonnin farko da kyamararsa, ta sayi fim da ruwan wanki a cikin kasafin shirin. Masarautun Jigawa biyar da na Kano su sa hakimai da dagatai su tambayi iyalan tsofaffin masu hoto abin da ya rage a hannunsu, a ɗauki kwafin nagatif ɗin da na'ura, a rubuta sunan gari da shekara da waɗanda ke ciki tun akwai masu gane su, a mayar wa iyali kayansu, kwafin kuma ya tafi wurare irin su Gidan Makama a Kano da jami'o'in Dutse da Kafin Hausa. Wanda kuma ya gaji irin wannan kyamara a gida, ya buɗe bayanta, ya ɗaga ta sama wajen haske, ya ɗana ya danna a kowane sauri yana kallon ƙiftawar. Idan saurin sama irin 1/500 suna tafiya, na ƙasa irin daƙiƙa ɗaya ne kawai ke jan ƙafa, tsohon mai ne ya daskare a cikin marufin, wankewa take buƙata a hannun wanda ya san aikin, kada a ɗiga mata man keke.